TSOHUWAR DA TA HAIFI MARSANDI

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a Kano, ko Kaduna, ko Legas, ba zai daɗe ba sai ya ga mota mai alamar tauraro mai tsini uku ta wuce. Mu a nan mun san ta da sunan Marsandi. Mun san ta a ƙofar gidajen sarakuna da attajirai da manyan ma'aikatan gwamnati, mun kuma san manyan 'yan'uwanta na ɗaukar kaya, irin waɗanda ake kira 911, da suka shekara da shekaru suna jigilar hatsi da goro da shanu tsakanin Arewa da Kudu. Har ma an taɓa haɗa irin waɗannan manyan motoci a cikin ƙasarmu, a masana'antar ANAMMCO da ke Inugu, wadda aka buɗe cikin 1980.

To, amma da za a ɗauki mai karatu a kai shi birnin Munich na ƙasar Jamus, a tsayar da shi gaban kakar waɗannan motoci duka, da wuya ya yarda mota ce yake kallo. Ƙafafunta uku ne, biyu manya a baya, ɗaya ƙarama a gaba, kamar dai keken A Daidaita Sahu da aka tuɓe wa rufi. Ba ta da ƙofa, ba ta da gilashi, ba ta da sitiyari irin wanda muka sani. Kujera ce kawai ta mutum biyu aka ɗora a kan ƙarafa, inji yana bayanta a fili. Wannan ita ce motar da Carl Benz ya ƙera cikin 1885, wadda akasarin masana tarihi suka amince ita ce motar farko mai aiki da man fetur da aka tsara tun daga tushe don ta zama mota.

Sau biyu wannan tsohuwa ta kusa ɓacewa. Karo na farko, mutane ne suka ƙi kallonta sa'ad da take sabuwa. Karo na biyu, masu ita ne suka yi watsi da ita sa'ad da ta tsufa. Yadda ta kuɓuta a waɗannan lokuta biyu shi ne abin da za mu duba a wannan mako.

ƊAN DIREBAN JIRGIN ƘASA

An haifi Carl Benz ran 25 ga watan Nuwamba, 1844, a Mühlburg, wadda yanzu unguwa ce a cikin birnin Karlsruhe, kudu maso yammacin Jamus. Ubansa direban jirgin ƙasa ne, ya kuwa mutu tun yaron bai cika shekara 2 ba. Uwarsa ce ta yi ta fama da 'yar abin da take samu har ta ga ya shiga babbar makarantar koyon fasaha ta Karlsruhe, ya fito cikin 1864 da ilmin injiniya. Ya yi 'yan shekaru yana aiki a masana'antu dabam dabam, sa'an nan cikin 1871 ya haɗa gwiwa da wani mai suna August Ritter suka buɗe ɗan wurin aikin ƙarfe a birnin Mannheim.

Haɗin bai yi albarka ba. Kafin shekara ta kewayo bashi ya taso musu, har ta kai ana neman kwashe kayan aikinsu. A nan ne wadda ta fi kowa tasiri a wannan labari ta shigo. Sunanta Bertha Ringer, 'yar wani mai hali ce a garin Pforzheim, an haife ta cikin 1849, a lokacin kuwa an yi musu baiko da Benz amma ba a ɗaura aure ba. Sai ta nemi iyayenta su ba ta dukiyar da suka tanadar mata ta aure tun kafin lokaci, ta sa aka biya Ritter rabonsa ya fita, wurin aikin ya zama na Benz shi kaɗai. An ɗaura musu aure cikin watan Yuli na 1872.

Shekarun da suka biyo baya na wahala ne ƙwarai. Benz ya duƙufa wajen ƙera injin da zai yi aiki da iskar gas, bai kuwa samu ya tashi sosai ba sai daren ƙarshe na shekarar 1879. Cikin 1883 ya sami waɗansu 'yan kasuwa biyu, Max Rose da Friedrich Wilhelm Esslinger, suka kafa kamfanin Benz & Cie. Sana'ar kamfanin ita ce ƙera injuna na girke, waɗanda ake kafawa wuri ɗaya a masana'antu. Ciniki ya kankama, kuɗi suka fara shigowa, sai Benz ya sami sukunin komawa ga abin da ya daɗe yana ci masa rai, watau keken da zai yi tafiya ba tare da doki ba.

YADDA AKA ƘERA TA

Ba Benz ne ya fara tunanin abin hawa mai tafiya da kansa ba. Tun cikin 1769 wani Bafaranshe mai suna Cugnot ya ƙera amalanke mai aiki da tururi don jan igwa, har yanzu ma akwai ɗaya daga cikin abin da ya ƙera a wani gidan tarihi a birnin Paris. A zamanin Benz ɗin kansa, kimanin kilomita 100 daga Mannheim, a garin Cannstatt, Gottlieb Daimler da abokin aikinsa Wilhelm Maybach suna can suna nasu ƙoƙarin, cikin 1886 suka ɗora inji a kan keken doki. Abin da ya bambanta aikin Benz shi ne bai ɗauko keken doki ya liƙa masa inji ba. Zama ya yi ya tsara inji da gangar jiki da ƙafafu a matsayin abu guda, ko wane sashe an auna shi da ɗan'uwansa.

Injin silinda ɗaya gare shi, girmansa cc 954. Ƙarfinsa bai kai na doki ɗaya ba, kashi uku ne cikin huɗu na ƙarfin doki, yana juyawa sau 400 a minti. Don mai karatu ya gane ƙanƙantar wannan ƙarfi, babur ɗin da ɗan acaba yake hawa a yau ya ninka shi kusan sau goma. Nauyin motar duka kimanin kilo 265 ne, iyakar gudunta kuma kilomita 16 a awa, watau mil 10. Mai keke mai ƙarfin ƙafa ya iya tsere mata.

Duk da haka, makanikin da ya leƙa bayanta zai ga abubuwan da ya saba da su. Akwai fulogi, akwai batir da ke ba shi wuta, akwai kafireta, akwai kuma haƙoran ƙarfe da ke barin ƙafar baya ɗaya ta fi ɗaya juyawa in an zo kwana. Daga inji, bel na fata ne yake ɗaukar ƙarfi ya miƙa wa wani sandan ƙarfe, daga nan sarƙoƙi biyu irin na keke su kai shi ga ƙafafun baya. Ƙafafun nan na wayoyin ƙarfe ne kamar na keke, tayoyinsu kuma na roba ne tsantsa, ba a hura musu iska. Ba ta da lagireto. Ruwa ake zubawa a wani mazubi a kan inji, in ya tafasa ya tashi a tururi sai a ƙara wani. Ba ta da makulli. In za a tashe ta, sai mutum ya zagaya baya ya kama wani babban faifan ƙarfe mai nauyi ya murza shi da hannu. Benz kwantar da wannan faifai ya yi, bai tsayar da shi ba, domin yana tsoron in yana juyawa a tsaye zai hana motar shan kwana.

Mai karatu zai so ya san dalilin ƙafa uku. Dalilin shi ne a lokacin Benz bai gamsu da ko wace dabara ta juya ƙafafu biyu na gaba tare ba. Maimakon ya tsaya jiran wannan, sai ya sa ƙafa ɗaya, ya haɗa ta da ɗan mariƙi a gaban direba, wanda ake karkatawa dama ko hagu. Sai cikin 1893 ya warware matsalar, ya fito da motarsa ta farko mai ƙafa huɗu, wadda ya sa wa suna Victoria.

Ran 29 ga watan Janairu, 1886, Benz ya shigar da takardun neman shaidar mallakar wannan ƙirƙira a ofishin da ke kula da haka a Berlin, aka ba shi lamba 37435. Wannan takarda ce Jamusawa ke kira takardar haihuwar mota, cikin 2011 kuwa hukumar UNESCO ta sa ta a jerin muhimman takardun tarihi na duniya. Ran 3 ga watan Yuli, 1886, aka fito da motar bainar jama'a a kan wani titi na Mannheim, wata jaridar garin ta ba da labari.

TAFIYAR DA TA BUƊE IDON MUTANE

An ƙera mota, an sami takarda, an buga a jarida, amma mai saye bai zo ba. Mutanen Mannheim abin dariya suka ɗauke ta, waɗansu kuma abin tsoro. Tana ƙara, tana wari, tana firgita dawaki. Abokan kasuwancin Benz suna ganin ɓata lokaci da kuɗi kawai yake yi, alhali ga injunan girke suna kawo riba. Shi kuma Benz mutum ne mai tsantseni, kullum gani yake akwai sauran gyara. Ya ƙera ta biyu, ya ƙera ta uku wadda ta fi ƙarfi, tana da kimanin ƙarfin doki 2, amma duk gwajin da yake yi bai wuce kewayen gari ba. Ba wanda ya tabbata wannan abu zai iya fita daga wani gari ya isa wani.

Bertha ta ga dukiyarta da wahalar mijinta ta shekara goma sha suna neman tafiya a banza. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Ran nan da asuba, farkon watan Agusta na 1888, Benz yana barci, sai ta tashi 'ya'yanta maza biyu, Eugen mai shekara 15 da ƙanensa Richard wanda bai cika 14 ba. Ta bar wa mijinta 'yar takarda cewa sun tafi gaishe da mahaifiyarta a Pforzheim. Suka turo mota ta ukun nan a hankali har suka yi nisa da gida don kada ƙara ta tashe shi, sa'an nan suka murza faifai, inji ya kama.

Tafiyar da ke gabansu kimanin kilomita 106 ce, ta zarce nisan Kaduna zuwa Zariya. Hanyar ta kekunan doki ce, ba kwalta, ba alamar da ke nuna gari, ba gidan mai ko ɗaya a duniya, ba kuma makanikin da ya taɓa ganin mota. Motar ba ta da tanki, abin da kafireta ke ɗauka bai wuce lita 4 da rabi ba. Man da take sha kuwa wani ruwa ne dangin fetur da ake kira ligroin, wanda matan Jamus ke saye a kantin magani don cire tabo daga tufafi. Da mai ya yi ƙasa, sai suka tsaya a garin Wiesloch, Bertha ta shiga kantin maganin garin ta sayo. Wannan kanti yana nan har yanzu, mutanen garin kuwa suna alfahari da shi a kan cewa shi ne gidan mai na farko a duniya.

Ko wace rijiya da ko wane rafi suka tarar sai sun tsaya sun ƙara wa inji ruwa. A wani wuri bututun mai ya toshe, Bertha ta zare dogon tsinken da take maƙale hularta da shi ta zungure shi. A wani wurin wayar wuta ta goge, ta kwance maɗaurin safarta ta naɗe ta da shi. Sarƙa ta ba da matsala, wani maƙeri ya taimaka musu. Birkin motar katako ne da ke danne ƙafa, da ya cinye sai ta sa baduku ya buga masa fata. In sun zo hawa, inji ba ya iya ja, sai ita da Eugen su sauka su tura, ƙaramin yana riƙe da mariƙi. Da almuru suka shiga Pforzheim, ƙura ta rufe su, Bertha ta buga wa mijinta wayar tangaraho cewa sun sauka lafiya. Bayan 'yan kwanaki suka komo gida cikin motar ta wata hanya dabam.

Amfanin wannan tafiya iri biyu ne. Na farko, Benz ya sami rahoton da ba zai taɓa samu a cikin gari ba. Ya gane dole a ƙara giya ta hawan tudu, dole kuma a gyara birki. Na biyu, duk ƙauyen da suka ratsa mutane sun gani da idonsu mace da yara biyu sun wuce cikin keken da ba doki. Cikin watan Satumba na wannan shekara Benz ya kai motar baje kolin injuna a Munich, ya yi ta yawo da ita a titunan birnin, aka ba shi lambar zinariya. Wani Bafaranshe mai suna Émile Roger, wanda dā ma yake sayar da injunan Benz a Paris, ya fara karɓar motocin yana sayarwa a can. Kimanin guda 25 aka ƙera na masu ƙafa ukun nan. Sannu ba ta hana zuwa. Cikin 2008 hukuma ta amince da hanyar da Bertha ta bi, zuwa da komowa kilomita 194, a matsayin hanyar tarihi mai ɗauke da sunanta.

KASUWA TA BUƊE, TSOHUWA TA SHIGA LUNGU

Daga nan sai al'amari ya yi ta haɓaka. Cikin 1894 kamfanin ya fito da wata ƙaramar mota mai rahusa da ake kira Velo, aka ƙera kimanin 1,200 cikin 'yan shekaru. Cikin 1899 kaɗai motoci 572 suka fita daga masana'antar Mannheim, babu kamfanin da ya kai shi yawan ƙera motoci a duniya a lokacin.

To, ina motar farko? Abin da ya kan sami tsohon kayan aiki a ko wane gareji shi ya same ta. A idon ma'aikata ita ba kayan tarihi ba ce, gwaji ce da aka gama da ita. Aka ture ta gefe, aka yi ta zare mata sassa. Ba mugunta ce ta jawo haka ba. Mutanen da ke tsakiyar aiki ba su cika ganin darajar abin da suka wuce ba, hankalinsu yana kan wanda za su fitar gobe. Da an ƙara 'yan shekaru a haka, da sai dai a ga hotonta a takarda.

Ana cikin haka sai gasa ta tsananta. Cikin 1901 kamfanin Daimler ya fito da wata mota mai ƙarfin doki 35, doguwa, mai gudun gaske, wadda ta mai da motocin Benz tsofaffin yayi. Wani attajiri mai suna Emil Jellinek ne ya sa aka ƙera ta, ya kuma sa mata sunan 'yarsa, Mercédès. Wannan suna ne bakin Bahaushe ya mayar Marsandi. Cinikin Benz ya ja baya, saɓani ya shiga tsakaninsa da masu gudanar da kamfanin, har cikin 1903 ya janye daga aikin yau da kullum. A wannan shekara ta 1903 ce aka tattaro abin da ya rage na motar farko a masana'antar Mannheim, aka sake haɗa ta, aka mai da ita siffarta ta asali.

GIDAN TARIHI DA RUWAN BAMA-BAMAI

Sa'ar da aka yi ita ce a daidai wannan lokaci wani injiniyan lantarki mai suna Oskar von Miller ya kafa gidan adana kayan tarihin kimiyya da fasaha a Munich, wanda ake kira Deutsches Museum. Ra'ayinsa shi ne inji ma abin ajiyewa ne kamar zane ko takobin sarki, domin na baya su ga inda aka faro. Ya bi masana'antu da masu ƙirƙira yana roƙon su ba shi na farkon abin da suka yi. Cikin 1906, shekara 20 da samun takardar shaida, Carl Benz ya ba wannan gida kyautar motarsa ta farko. Babban ginin gidan, wanda ke kan wani tsibiri a tsakiyar kogin Isar, an buɗe shi cikin 1925. Akwai hoton da aka ɗauka a Munich cikin wannan shekara, Benz yana tsoho ɗan shekara 80, zaune a kan motar tasa mai ƙafa uku.

Shekara guda bayan haka, cikin 1926, matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa kamfanin Benz da na Daimler suka haɗe, motocinsu suka ɗauki sunan Mercedes-Benz. Benz ya mutu ran 4 ga watan Afrilu, 1929, a garin Ladenburg. Bertha ta rayu har ran 5 ga watan Mayu, 1944, kwana biyu bayan ta cika shekara 95.

Ba ƙaramin abu ba ne ƙarfe ya ƙetare yaƙe-yaƙen nan biyu a ƙasar Jamus. A cikinsu duka an sauko da ƙararrawar majami'u an narkar don ƙera makamai, a na biyun kuma an karɓe motocin mutane masu yawa an kai fagen fama, inda akasarinsu suka hallaka. Wannan na cikin dalilan da suka sa motocin Jamus na kafin yaƙi suka yi wuyar samu a yau. Gidan tarihin kansa bai tsira ba. Cikin 1944 jiragen sama suka yi wa Munich ruwan bama-bamai, kimanin kashi 80 cikin 100 na gine-ginen gidan suka lalace, kashi 20 cikin 100 na kayan da ke ciki suka salwanta. Motar Benz tana cikin waɗanda suka kuɓuta. A yau tana reshen gidan da aka keɓe domin kayan sufuri, wanda aka buɗe cikin 2003 a wata unguwa ta Munich.

TA FAM BIYAR A LANDAN

Akwai wata 'yar'uwarta da ta bi wata hanya dabam. Ɗaya daga cikin motoci samfuri na uku, ƙirar 1888, ta bi ta hannun Émile Roger na Paris ta ƙetara zuwa Ingila. Cikin 1913, lokacin da ba mai kallonta sai a matsayin tsohon ƙarfe, gidan tarihin kimiyya na Landan ya saye ta a kan fam 5. Ƙafafunta na katako ne, ba na waya ba, galibin sassanta kuma su ne dai waɗanda aka ɗaura mata a Mannheim. Saboda haka ake lissafa ta a matsayin motar Benz mafi tsufa da ta iso zamaninmu ba tare da an sake gina ta ba. Waɗansu masana ma suna ganin ita ce ainihin wadda Bertha ta tafi Pforzheim da ita.

A nan ne masu sha'awar tsofaffin motoci su kan yi muhawara. Ta Munich ita ce ta farko, amma an wargaza ta an sake haɗawa. Ta Landan ta zo daga baya, amma tana nan kusan yadda aka ƙera ta. Wacce ce ta fi cancanta a kira ta asali? Abin ya yi kama da gatarin gado, wanda uba ya sake wa ƙota, ɗa kuma ya kai wa maƙeri ya ƙara masa baki. Magada za su ce gatarin kakansu ne, ba kuwa ƙarya suka yi ba, muddin sun faɗi gyaran da aka yi masa. Ka'idar da gidajen tarihi ke bi a yau ke nan: a bar abu yadda aka same shi gwargwadon iko, in an yi gyara a rubuta, kada a ɓoye.

Ban da waɗannan biyu, akwai kwaikwayo masu yawa. Tun daga 1986, lokacin bikin cikar mota shekara 100, aka yi ta ƙera sababbi daidai da ta farko, suna tashi suna tafiya, an rarraba su a gidajen tarihi na ƙasashe da dama. Har wadda ke gidan tarihin kamfanin Mercedes-Benz a Stuttgart kwaikwayo ce. Kamfanin da ya gaji sunan Benz ba shi da motar Benz ta farko, domin mai ita ya riga ya ba jama'a kyauta. Kwaikwayon nan kuwa bai yiwu ba sai don akwai ta gaske da za a auna.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

In mai karatu ya duba, zai ga ba ƙarfin ƙarfe ne ya raya wannan mota ba. Mutane ne, ko wanne a lokacinsa. Bertha ta sa dukiyarta, ta kuma hau hanya sa'ad da maza ke shakka. Ma'aikatan Mannheim sun tattara sassanta cikin 1903. Von Miller ya gina mata wurin zama, Benz ya sallama ta kyauta, wani ma'aikacin gidan tarihi a Landan kuma ya ga fam 5 ba ta yi yawa ba a kan abin da kowa ya raina. Da ɗaya daga cikinsu ya ce ba ruwansa, da labarin ya zama dabam.

Mu ma a nan mun san abin da mota ke iya riƙewa na tarihi. A gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas akwai baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran Juma'a 13 ga watan Fabrairu, 1976, ramukan harsasai suna nan a jikinta. Yaron da aka haifa shekaru da yawa bayan wannan rana, in ya tsaya gabanta, ya kan fahimci abin da littafin makaranta bai iya nuna masa ba. An ajiye ta ne domin wani ya yanke shawara a ajiye.

Sauran fa? Motocin farko da sarakunanmu suka hau, da manyan motocin da suka yi jigilar gyaɗa da auduga zuwa tashar jirgin ƙasa, da waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna da Legas da Inugu da Bauci, da yawansu suna can a bayan gidaje da garejoji, kaji na ƙwai a cikinsu, har ranar da 'yan gwangwan za su zo da guduma da sikeli. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ke da irin wannan mota a gidansu, kafin ya sayar da ita a kan kilo, ya kamata ya tambayi dattawan gidan wa ya saye ta, a wace shekara, ina da ina ta je, ya rubuta, ya ɗauki hotonta, sa'an nan ya sanar da gidan tarihi mafi kusa da shi. Ita ma ta Munich ɗin akwai lokacin da take yashe a lungun masana'anta, ana zare mata kaya.